An Buɗe Matoya, Ina Masu Saye?

Ranar Asabar da hantsi, a wani gidan ginin tangaran da ke bayan birnin Abuja, an share tsakar gida an yayyafa ruwa, an jera tebura a ƙarƙashin rumfar ciyawa, sa'an nan aka wage ƙofa domin duk mai son shiga ya shiga. A kan teburan akwai butocin shayi da kofuna da farantai da kwanonin miya masu murfi, waɗansu ruwan ƙasa, waɗansu baƙi wuluk, waɗansu kuwa kore-kore kamar ruwan rafi da damina. A ƙasa, jikin katanga, ga randuna da tuluna da kaskon turare, jajaye da dabbaren baƙi a wuraren da harshen wuta ya lasa. Kwana biyu ke nan da aka fasa ƙofar matoya aka kwashe kayan, shi ya sa aka keɓe wannan rana domin jama'a su zo su ga yadda ake aikin, wanda ya ga abin da ya yi masa kuma ya saya daga hannun wanda ya gina, ba tare da dillali ba.

Mutane sun zo, ba laifi. Amma wanda ya tsaya bakin ƙofa ya lura da masu shiga zai ga wani abu. Mafi yawansu baƙi ne, watau Turawa da sauran ma'aikatan ofisoshin jakadanci da iyalansu, sai kuma masu otal da masu sayar da furanni da ke neman tukwanen shuka. 'Yan makaranta sun zo da malaminsu, sun kewaye mai juya faifai suna mamaki, sun ɗauki hoto sun tafi. Ma'aikacin gwamnati ɗan ƙasa, mai albashi da iyali da ɗakin baƙi, shi ne ya yi ƙaranci a wurin. Abin da ya sa wannan ya zama abin magana kuwa shi ne, tun asali saboda shi aka kawo wannan sana'a ƙasar nan.

Yadda Abin Ya Faro

A shekarar 1950 Gwamnatin Nijeriya ta zamanin mulkin Turawa ta ɗauki wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew aiki a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu, a matsayin jami'in ginin tukwane. Ba baƙon aikin ba ne, domin ya koya a hannun shahararren magini Bernard Leach tun 1923, ya kuma yi shekaru yana fama da yumɓu a ƙasar Gana, a Achimota da Vume ta bakin Kogin Volta. Aikin farko da aka ba shi shi ne ya zagaya ƙasa ya duba tukwanen gargajiya ya faɗi yadda za a kyautata su. Ya zagaya, ya duba, ya dawo da amsar da ba ita aka zata ba: tukwanen da mutanen ƙasa ke ginawa sun dace da aikin da ake yi da su, suna da araha, suna jure wutar murhu, suna sanyaya ruwa, saboda haka ba su bukatar gyaran kowa. Abin da ya ga babu, a ganinsa, shi ne kayan tangaran masu sheƙi irin waɗanda akawu da malamin makaranta da ɗan kasuwa suka fara nema domin shan shayi da cin abinci a tebur, waɗanda a lokacin duk daga ƙasashen waje ake shigo da su.

Sai aka shiga neman wurin da za a kafa makarantar koyar da wannan sabon gini. Zaɓi ya faɗa kan garin Abuja na wancan zamani, wanda yanzu ake kira Suleja. Akwai yumɓu mai kyau a kewayensa, akwai ruwa, akwai itace, yana tsakiyar ƙasa, ga kuma matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da suka gaji ginin tukwane kaka da kakanni. Bugu da ƙari, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, mutum ne mai son wannan aiki, har yana tara tukwane masu kyau a fadarsa. An buɗe makarantar a 1952. Ko hatimin da ake bugawa a gindin kowane kofi da faranti na gidan, sunan Abuja ne da rubutun ajami.

A nan ya kamata ɗalibi ya kiyaye, domin sunan yakan rikita mutane. A 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin Tarayya, sai aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birni, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Don haka duk inda aka ga an rubuta tukwanen Abuja a littattafan Turai, Suleja ta Jihar Neja ake nufi.

Ladi Kwali

A cikin tukwanen da Cardew ya gani a fadar Sarki akwai na wata mata daga garin Kwali mai suna Ladi. An haife ta wajen 1925, ta kuma koyi gini tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta koyi gini a kan faifan juyi kamar sauran ɗalibai, ta yi farantai da kofuna da butoci, amma abin da ya fitar da sunanta duniya shi ne manyan tulunanta, waɗanda ba ta taɓa yarda ta bar gina su yadda ta gada ba.

Yadda take yi kuwa, wanda har gobe haka matan Gwari ke yi, ya cancanci a bayyana shi. Za ta ɗora curin yumɓu a kan wani kasko ko ƙwarya a ƙasa, ta naushi tsakiyarsa da dunƙulen hannu har ya yi rami, sa'an nan ta riƙa jawo yumɓun daga ciki zuwa sama da yatsu, ɗaya hannun yana tallafe da shi daga waje. Tukunyar ba ta motsi. Maginiyar ce ke kewaya ta a sunkuye, taki bayan taki, watau ita kanta ce ta zama faifan juyi. In bango ya tashi sai ta murza yumɓu kamar igiya ta riƙa ɗorawa tana shafewa, har ciki ya buɗe, kafaɗa ta rufe, wuya ya tsaya, ta lanƙwasa baki da jiƙaƙƙen tsumma ko fata. Ba ma'auni, ba awo, amma in an gama sai a ga da'irar ta cika kamar an zana da kamfas. Daga nan sai ado. Takan raba jikin tulun gida-gida, ta birgima tufkakken zare ko ɗan itace mai tsaga a kan ɗanyen yumɓu domin ya bar sawu, a cikin gidajen kuma ta zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu.

Sabon abin da makarantar ta ƙara shi ne yumɓu mai jure babbar wuta, da ruwan sheƙi, da matoya. Aka riƙa shafa wa tulunan Ladi ruwan sheƙi mai duhu ana gasa su har su zama kamar dutse, zanen yana lekowa ta ƙarƙashin sheƙin. Aka kai kayan gidan baje koli a Berkeley Galleries da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, masu saye suka yi rububinsu. Ita kanta ta je Ingila ta gina tulu a gaban jama'a, a 1972 kuma ta zagaya Amurka tare da Cardew tana nuna gwanintarta a makarantu. Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar MBE a farkon shekarun 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, duk da cewa ba ta yi karatun boko ba. A 1980 ta sami lambar yabo ta NNOM, wadda ita ce mafi girma da ƙasa ke ba masana, a 1981 kuma ta sami OON. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984. Hotonta ne ke bayan takardar Naira 20 da aka fitar a 2007, tana zaune tana gini, Janar Murtala kuwa yana gaba.

Sai dai akwai wani abu da masu yabo ba su cika faɗa ba. Tulun da aka shafa wa ruwan sheƙi aka gasa da babbar wuta ya daina zama tulu. Abin da ke sa ruwan randa sanyi shi ne ƙananan ƙofofin da ke jikin ƙasar, waɗanda ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Sheƙi yana toshe ƙofofin nan. Ga shi kuma nauyin tulun ya ƙaru har ba mai iya ɗaukarsa zuwa rafi, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin macen ƙauye nesa ba kusa ba. Ta haka tulun Ladi ya bar gindin bishiya ya koma cikin akwatin gilashi. Yau ana ganin aikinta a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a ƙasar Wales, kuma idan guda ya fito gwanjo a Turai dubban fam ake zubawa. Takardar da ke ɗauke da hotonta kuwa, a kasuwar yau, ko asusu ba za ta saya ba.

Haka ma burin farko bai cika yadda aka tsara ba. An so a koyar da samari su koma garuruwansu su kafa ƙananan masana'antu, an kuma buɗe rassa a Sakkwato da Kano, amma ba su yi tsawon rai ba. Kayan Abuja sun yi suna a wurin Turawan da ke aiki a ƙasar da masu tara kayan fasaha a waje, akawun da aka yi dominsa kuwa ya ci gaba da sayen kwanon sha da farantin da jirgi ya kawo. Cardew ya bar aiki a 1965, Michael OBrien ya karɓe shi ya riƙe gidan har 1972. Duk da haka iri bai ɓace ba. Bayan Ladi an ɗauki waɗansu mata, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. Magdalene Odundo, 'yar Kenya wadda yau take cikin manyan maginan duniya, ta zo gidan a 1974 ta koyi ginin hannu a wurinsu. Marigayi Ɗanlami Aliyu, wanda shi ma ɗan gidan ne, ya kafa nasa wurin a Minna, aka kuma kafa na Maraba a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya da na Bwari a shekarun 1980 tare da taimakon OBrien. Duk maginin da ke juya faifai a wannan yanki yau, in aka bi salsalar koyonsa, da wuya ba ta tuƙe ga Suleja ba.

Abin Da Ke Bayan Kofi Guda

A ranar buɗe ƙofa, abin da ya fi kawo ja-in-ja tsakanin magini da mai saye shi ne farashi. Mutum zai ɗauki kofi ya jujjuya, ya tambayi kuɗinsa, da ya ji sai ya ajiye da sauri, ya ce ai a kasuwa da wannan kuɗi zai sami rabin dozin na ƙasar Sin. Gaskiya ya faɗa. Amma da zai zagaya bayan rumfa, inda aka bar ƙofa a buɗe musamman domin irinsa, da ya ga inda kuɗin ya tafi.

Yumɓun nan haƙo shi ake yi, wani lokaci daga wurare biyu ko uku, domin wani yana da danƙo amma yana tsagewa, wani yana jure wuta amma ba ya miƙuwa, sai an haɗa. A shanya shi, a daka, a jiƙa a cikin kwarmi har ya zama kamar kunu, a tace shi a fitar da tsakuwa da saiwa, a bar shi ya tsane, a tattake da ƙafa, a murza da hannu a kan tebur har iskar da ke ciki ta fita, domin kumfar iska ko ɗigon damshi da ya ɓoye yana iya tarwatsa kaya a cikin wuta. Juyawa a kan faifai, wadda ita ce ke burge 'yan kallo, ita ce mafi gajarta a cikin aikin duka. Gwani yakan fitar da kofi cikin 'yan mintoci. Kashegari, in ya ɗan sha iska, sai a kife shi a sassabe gindi, a ja mariƙi a liƙa. Butar shayi kuwa gunduwa huɗu ce, jiki da murfi da hanci da mariƙi, kowanne daban ake yinsa, kuma dole murfin ya zauna daidai bayan duk sun ƙanƙance, domin yumɓu yana raguwa da wajen kashi 10 cikin 100 ko fiye tsakanin ɗanye da gasasshe.

Sa'an nan a jira ya bushe a inuwa. Da damina bushewa takan yi nawa, da hunturu kuwa iska takan busar da baki kafin gindi, kaya su tsattsage. Wuta biyu ake yi. Ta farko mai sauƙi ce, wajen digiri 900 zuwa 1,000 na ma'aunin santigired, domin kayan su yi ƙarfin da za a iya tsoma su a ruwan sheƙi. Shi ruwan sheƙin ba fenti ba ne, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Garin dutse ne da toka da farar ƙasa da yumɓu ake dama su da ruwa, wani lokaci da tokar ɓuntun shinkafa, wani lokaci da jar ƙasa mai ƙarfe domin launi. Kafin ya shiga wuta ba shi da kyan gani ko kaɗan, kamar an shafa wa kwano ƙullu. Wuta ta biyu, wadda takan kai digiri 1,250 ko ta haura, ita ke narkar da shi ya zama gilashi a jikin kwanon. A matoyar itace wannan aiki ne na yini da kwana, mutane suna karɓa-karɓa a bakin wuta suna cusa faskare, ba barci. In an kai ga zafin da ake so sai a liƙe kowace kafa da laka, a jira kwana biyu ko uku ta huce, domin wanda ya yi gaggawar buɗewa zai ji kayansa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya.

Ko bayan wannan duka ba a san abin da za a tarar ba sai an fasa ƙofa. Wani faranti ya lauye, wani kofi sheƙinsa ya zubo ya manne da abin da aka ɗora shi a kai, wani gefen matoya wuta ba ta kai ba. Asarar waɗannan tana cikin kuɗin waɗanda suka tsira. Masana'antar da ke zuba dubban kofuna a cikin zubi ɗaya ba ta san wannan fargaba ba, shi ya sa gasar farashi da ita ba ta yiwuwa, kuma maginin da ya gwada zai rufe gidansa ne kawai. Abin da yake da shi wanda masana'anta ba ta da shi shi ne, in mai saye ya dawo ya ce butar tana zubar da shayi ta gefen hanci, akwai wanda zai saurare shi ya gyara a zubi na gaba.

Masu Randa Da Tulu

A gefen katanga, inda randuna suke, ciniki iri dabam ne, damuwar ma dabam ce. Matan da suka kawo su ba su da matoya. A fili suke toyi: a jera busassun tukwane a kan itace, a lulluɓe da ciyawa da kara, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci kaɗan an gama. Tun suna da zafi akan yayyafa musu ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, shi ke ba su duhu da ƙyalli ya kuma rage tsattsafo. Zafin wannan wuta bai kai na matoya ba, amma wannan ba aibi ba ne, domin shi ya sa tukunyar ƙasa take zama a kan murhu ba ta fashe ba, alhali farantin tangaran mai tsada ba zai jure harshen wuta kai tsaye ba.

Abokin gabar waɗannan mata ba ƙasar Sin ba ce, roba ce da alminiyam. Jarka ta kori tulu daga hanyar rafi, domin ba ta da nauyi kuma ba ta fashewa in yarinya ta yi tuntuɓe. Tukunyar dalma ta kori ta ƙasa daga kicin, butar roba ta kori shantali, firji kuma ya so ya kori randa, sai dai rashin tsayayyar wutar lantarki ya hana shi cin nasara. Abin da ya rage da kasuwa mai ƙarfi shi ne kaskon turaren wuta, wanda ba a kai amarya babu shi, da tandar waina, da asusu, da tukwanen furanni na gidajen birni. Wannan hali ba a ƙasar Gwari kaɗai ake cikinsa ba. Maginan Dawakin Tofa a Jihar Kano, da na Mirya kusa da Damagaram, da na Bubon a bakin Kogin Kwara kusa da Yamai, duk da shi suke kwana. Ƙauyen Ushafa, wanda aka gina wa cibiyar ginin tukwane a zamanin shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, ya ga babbar rana a watan Agusta na 2000 sa'ad da Shugaban Amurka Bill Clinton ya kai ziyara. Amma baƙo na yini ɗaya ne, yumɓu kuwa kullum sai an haƙo.

Babban haɗarin shi ne yankewar koyo. Wannan ilmi ba a littafi yake ba. Yarinya tana koyonsa ne tana zaune kusa da uwarta ko gwaggonta, tana jin taurin yumɓu a tafin hannu har ta san lokacin da ya isa a ɗora wani zagaye. In tsara guda ta ga sana'ar ba ta ciyar da mai ita ta watsar, to ba wata doka ko kasafin kuɗi da zai dawo da ita. Tarin tukwanen da Sylvia Leith-Ross ta tattara a gidan tarihi na Jos, wanda ta rubuta littafi a kansa a 1970, yana nuna yawan sifofin da ƙasar nan take da su. Mai ziyara zai iya tambayar kansa nawa ne daga cikinsu har yanzu ake ginawa.

Ga Mai Niyyar Saye

Wanda ya sami zuwa irin wannan rana, akwai 'yan dabaru da za su taimake shi. Ya ɗora kwano a tafin hannu ya ƙwanƙwasa shi da farce: in ya yi ƙara mai zaƙi kamar ƙararrawa, ya gasu kuma ba tsaga, in ya yi ƙarar da ta mutu, ya ajiye. Ya shafa gindinsa, kada ya zama mai kaushin da zai karce tebur. Ya sa yatsu a mariƙin kofi ya ji ko sun shiga. Buta kuwa, ya roƙi a zuba mata ruwa ya tsiyaya ya gani, ba maginin kirki da zai ƙi, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. In abin cin abinci ne, ya tambaya ko akwai dalma a cikin ruwan sheƙin. Kayan babbar wuta irin na tsarin Abuja ba su bukatarta, amma tambaya ba laifi ba ce. Kada kuma ya ɗauki bambancin launi tsakanin kofi da ɗan'uwansa a matsayin aibi, sawun wuta ne. Sau da yawa akan keɓe tebur guda na kayan da suka ɗan sami tabo a rage musu kuɗi, kuma ɗalibin da aljihunsa bai da nauyi zai iya farawa daga nan. Randa kuwa, sabuwa takan yi tsattsafo da yawa da ƙanshin ƙasa a kwanakin farko, sai an cika an zubar sau da dama kafin ta zauna.

Akwai kuma abin da ya wuce ƙarfin mutum ɗaya. Gidan Suleja, wanda aka sa wa sunan Ladi Kwali, ya shafe shekaru masu yawa aikinsa ya ja baya ƙwarai, jaridu sun sha kawo labarin halin da yake ciki, an kuma sha yin alkawarin farfaɗo da shi. Gyaran gini da matoya abu ne mai kyau, amma tarihin gidan ya riga ya nuna cewa matsalar ba ta gini ba ce, ta mai saye ce. A nan ma'aikatu suna da abin yi wanda ba ya bukatar sabon kasafi. Ba watan da zai wuce ba a yi walimar ban kwana da wani darakta ko babban sakatare ba, ba taron da za a tashi ba a raba kyauta ba, kuma kusan kullum agogon bango ne ko allon gilashi da aka shigo da shi daga waje. Gidajen saukar baƙi na gwamnati suna sayen farantai da kofuna kowace shekara. Da za a karkatar da ko ɗan kaɗan na wannan ciniki zuwa ga maginan gida, da gidaje da dama sun sami odar da za ta riƙe su shekara, da kuma ɗaliban da ke karanta fasahar tangaran a Zariya da sauran manyan makarantu sun sami inda za su nufa bayan hidimar ƙasa, maimakon su ajiye abin da suka koya su shiga layin neman aikin ofis.

Da la'asar ta yi, motoci suka fara raguwa. Yaran gidan suna naɗe abin da aka saya da tsofaffin jaridu suna jerawa a kwali, ana cusa ciyawa a tsakani. Tukwanen furanni sun ƙare, kaskon turare saura kaɗan, kofuna sun ragu da kusan rabi. Manyan tuluna biyu masu zanen ƙadangare, waɗanda kowa ya tsaya ya yaba ya ɗauki hotonsu, suna nan inda aka ajiye su da safe, mutum biyu suka kama kowanne suka mayar ɗaki. A bayan rumfa wani almajirin gidan ya riga ya fara zuba busasshen yumɓu a kwarmi yana kwarara masa ruwa, domin a bar shi ya kwana ya jiƙa kafin Litinin.